Aladen Daji ko Talo-talon Daji: Wanne Ya Kamata Ka Nema a Gandun Kiwon Teksas?

Bahaushen da ya zauna a Houston ko Dallas ko San Antonio, ya yi abokai a wurin aiki ko a makaranta, da wuya shekara ta zagayo ba a ce masa ya zo a je farauta ba. Kuma in ba lokacin barewa ba ne, abu biyu ake yawan tayi: ko dai a fita da dare a harbi aladun daji, ko a jira watan Afrilu a je kiran talo-talo. Duka biyun a gandun kiwo ɗaya ake iya samunsu, wani lokaci ma a bakin rafi ɗaya suke shan ruwa. Amma aikin ba ɗaya ba ne, dokar ba ɗaya ba ce, abin da mutum zai koma gida da shi ma ba ɗaya ba ne. Ra'ayina shi ne wanda yake son farauta ya zaɓi talo-talo, wanda kuma yake son taimaka wa manomi a kan ɓarnar alade ya san cewa aikin kawar da annoba zai je yi, ya shirya masa a haka.

Sai mutum ya fara sanin yadda ƙasar take. Kusan kashi 95 cikin 100 na filin Teksas mallakar mutane ne, ba na gwamnati ba. Babu dajin da za ka rataya bindiga ka kutsa don ka ga babu kowa. Kowane fili da mai shi, tun daga ɗan ƙaramin makiyayi mai eka ɗari biyu har zuwa King Ranch da ke kudancin jihar, wanda Richard King ya kafa a 1853, mai faɗin eka 825,000. In ka ga an shafa fenti mai launin shunayya a jikin turakun shinge ko bishiyoyi, ma'anarsa a doka daidai take da allon da aka rubuta kada a shiga. Farauta a filin mutum ba da yardarsa ba laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali. Saboda haka kowace irin farauta ka zaɓa, daga bakin mai gandu take farawa: ko ya gayyace ka, ko ka yi hayar filin na shekara, ko ka biya na kwana biyu ko uku.

Alade ba ɗan asalin nahiyar ba ne. Turawan Sifaniya ne suka shigo da shi, kuma ayarin Hernando de Soto da ya sauka Florida a 1539 ya taho da garke guda. Ƙarnuka bayan haka manoma suna sakin aladunsu su yi kiwo a daji, wasu su ɓace su hayayyafa. A ƙarni na 20 kuma masu son farauta suka shigo da gursunun Turai, a Teksas wajen shekarun 1930, ya tsere daga shinge ya gauraya da na gida da suka zama na daji. Yau Ma'aikatar Noma ta Amurka tana ƙiyasta sun haura miliyan 6 a jihohi kusan 35. Teksas ce ke da mafi yawa, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne miliyan 2.6, kuma an same su a gundumomi 253 daga cikin 254 na jihar. El Paso ce kaɗai ta tsira. Asarar da suke jawowa a ƙasar baki ɗaya an daɗe ana cewa dala biliyan 1.5 a shekara, ƙiyasin da ya biyo baya ya kai ta biliyan 2.5.

Wanda bai ga gonar da garken alade ya kwana a ciki ba zai ɗauka ana zuzuta maganar. Suna bin layin masarar da aka shuka jiya su tone irin ƙwaya bayan ƙwaya. Suna shiga dawa da gyaɗa da shinkafa da alkama. Makiyayar shanu su birkice ta da hanci har tarakta ta kasa wucewa sai an sake baje ƙasar. A tsaunukan Edwards Plateau, inda kiwon tumaki da awaki ya fi ƙarfi, suna cin 'yan raguna da 'yan awakin da aka haifa. Da yake jikinsu ba ya fitar da gumi yadda zai sanyaya su, sai su yi ta birgima a rafi da tafkin da shanu ke sha, su ɓata ruwan. Don haka in mai gandu ya ce maka ya tsani alade, gaskiyarsa ce.

Dokar Teksas ta buɗe ƙofa gaba ɗaya a kansu. Babu lokacin da aka ware, babu adadin da aka ƙayyade, dare da rana duka halal ne a idon hukuma. A 2011 majalisar jihar ta yarda mutum ya biya kuɗi a ɗauke shi a helikwafta ya harbe su daga sama. Daga 1 ga Satumba 2019 kuma aka cire sharaɗin lasisi ga wanda zai harbi alade a filin wani da yardar mai filin. Wannan sauƙin ne ke jan sabon shiga. Ana ce masa ba ya bukatar takarda, ba ya bukatar jiran wata, ya zo kawai ranar Juma'a da yamma.

A nan akwai ramin da 'yan uwanmu da yawa ba su san da shi ba, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya isar wa ɗalibai. Dokar tarayya ta hana baƙon da ya shiga Amurka da bizar wucin gadi, kamar ta karatu ko ta ziyara ko ta aiki, riƙe bindiga ko harsashi. Cikin 'yan ƙofofin da dokar ta bari akwai mallakar lasisin farauta mai aiki da wata jiha ta bayar. Ka ga ke nan sassaucin da Teksas ta yi a kan alade bai shafe dokar tarayya ba. Ɗalibin da aboki ya miƙa wa bindiga a gandu ya ce ai alade ba ya bukatar lasisi, zai iya kasancewa bai saɓa wa jiha ba amma ya faɗa babban laifi na tarayya, irin wanda ke iya cinye biza da karatu gaba ɗaya. Mai irin wannan biza ya sayi lasisi kafin hannunsa ya taɓa bindiga, ko alade zai nema ko talo-talo, in kuma yana da shakka a kan matsayinsa ya tambayi lauyan shige da fice tun kafin tafiya.

Yadda ake farautar alade ya danganta da aljihu. Mafi sauƙi shi ne a zauna a wata 'yar rumfa da aka ɗaga sama, ana fuskantar injin da ke watsa masara a kan lokaci, a jira su fito bayan faɗuwar rana. Idonsu ba shi da ƙarfi, amma hancinsu ya wuce misali, iska na juyawa daga wajenka zuwa wajensu an gama. Masu kuɗi suna yawo a gonaki da madubin hangen dare mai gane zafin jiki, abin da tsadarsa kan ninka ta bindigar kanta. Wasu suna sakin karnuka, kashi ɗaya su tare aladen da haushi, wani ƙaƙƙarfa ya kama kunne, maharbi ya ƙarasa da wuƙa. Helikwafta kuma kuɗinta ya haura dala dubu ga mutum ɗaya a ɗan lokaci kaɗan. Bindiga mai dogon zango ake amfani da ita, kuma ba ƙaramin harsashi ba, domin tsohon namiji yana da wata fata mai kauri kamar garkuwa a kafaɗa. Yawancinsu kilo 45 zuwa 90 ne, ana samun wanda ya wuce haka sosai.

Haɗarin ba na wasa ba ne. Namijin da aka raunata yana juyowa da haurensa, uwa mai 'ya'ya ma haka. A watan Nuwamba 2019 garken aladu ya kashe wata mata a ƙofar gidan da take aiki a garin Anahuac, gabas da Houston. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma ya faru. Abin da ya fi yawa shi ne cuta. Jinin aladen daji yana ɗauke da ƙwayar burusela, wadda ke shiga ta ɗan yanka a hannu ta bar mutum da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa na watanni. Akwai wata cutar kuma da ba ta kama mutum amma tana kashe kare cikin 'yan kwanaki. Sannan harbin dare kansa: gandu ne na shanu, ɗan maraƙi baƙi da ke kwance a ciyawa yana iya kama da alade a madubin zafi ga wanda idonsa bai goge ba. A kudu da yammacin jihar kuma akwai wata dabba da ake kira javelina, mai kama da ƙaramin alade, amma ita doka ta kare ta: sai da lasisi, kuma biyu kacal a shekara. Wanda ya harbe ta a duhu yana zaton alade ne, jami'in daji ba zai karɓi wannan uzurin ba.

Sai maganar da ta fi damun yawancinmu. Naman alade haramun ne ga Musulmi, nassin ya zo a Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahl, kuma na daji da na gida hukuncinsu ɗaya. Sayar da shi ma hadisi ya hana. Kashe shi don kare gona da dabbobi wani babi ne daban, malamai sun yi magana a kan halaccin kawar da dabba mai cutarwa. Amma mu da muka tashi da karatun Risala mun san abin da Ibn Abi Zaid ya faɗa, cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma halal. To mutumin da ya biya ɗaruruwan dala ya kwana yana harbin abin da ba zai ci ba, ba zai sayar ba, ba gonarsa ake ci ba, ya tambayi zuciyarsa a wane ɓangare ya faɗa. Ni ba mufti ba ne, kowa ya kai wa malaminsa tambayar da cikakken bayani. Akwai kuma abin da ba a faɗa maka sai ka je: bayan harbi akwai ja, akwai lodawa a bayan mota, akwai fiɗa, kuma abokan tafiya suna sa ran ka sa hannu. Gara ka faɗa musu tun a gida cewa ba za ka taɓa ba. 'Yan uwanmu Hausawa Kirista waɗanda ba su da wannan hani, su ma su sa safar roba mai kauri wajen fiɗa, su dafa naman ya nuna sarai, domin akwai tsutsar da ke zama cikin tsoka wadda gashi sama-sama ba ya kashewa.

Ko da an ajiye addini gefe, akwai tambayar da ya kamata a yi: wannan harbin yana rage su kuwa? Macen alade tana iya ɗaukar ciki tun tana wata shida zuwa takwas. Cikin kwana 115 ne, tana haifar biyar ko shida, kuma tana iya haihuwa sau biyu cikin shekara ɗaya in abinci ya wadata. Masana a jami'ar Texas A&M sun lissafa cewa sai an cire kusan kashi biyu cikin uku kowace shekara kafin adadin ya tsaya wuri ɗaya, ba ma ya ragu ba, alhali abin da ake cirewa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Maharbin da ya sami garke na ashirin ya kayar da biyu, sauran goma sha takwas sun watse sun kuma koyi darasi: za su sauya hanya, su daina fitowa sai tsakar dare, su guji masara. Abin da ya fi aiki shi ne babban tarkon shinge. Ana zuba masara kwana da kwanaki har garken duka ya saba shiga, ana kallo ta kyamara a waya, sai ranar da na ƙarshe ya shiga a saki ƙofa. Helikwafta ma tana rage su sosai a fili mai sarari. Harbin ƙarshen mako shi ne mafi rauni a cikin hanyoyin.

Har ma akwai inda yake ƙara matsalar. A farkon shekarun 1980 jihohin da ke da aladen daji ba su kai 20 ba. Ba da ƙafa kaɗai suka tsallaka zuwa sauran ba, galibi mutane ne suka loda su a tirela suka sake su don su sami abin harbi kusa da gida. Gandun da ke karɓar kuɗi a kan kowane alade ba shi da dalilin son su ƙare. Wannan ne ya sa jihar Missouri a 2016 ta hana farautar alade a filayen hukumar kula da dajinta, ta bar aikin ga masu tarko. Don haka in an ce maka zuwanka taimakon manoma ne, duba ko manomi ne ya kira ka ko ɗan kasuwa.

Labarin talo-talo ya bi ta wata hanya dabam. Shi ɗan ƙasa ne, a nahiyar aka same shi, kuma daga na Meziko aka samo wanda muke kiwo a gida. Sare daji da harbi ba ƙa'ida suka kusa ƙarar da shi, zuwa shekarun 1930 ya ɓace daga jihohi da yawa. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, aka riƙa ba jihohi kuɗin don farfaɗo da namun daji. An gwada ƙyanƙyasar su a keji a saki, suka mutu. Sai a farkon shekarun 1950 da aka fara kama na daji da raga mai harbawa ana kai su wasu dazuzzuka abin ya kama. Lokacin da aka kafa ƙungiyar National Wild Turkey Federation a 1973 an ƙiyasta su miliyan 1.3, a farkon shekarun 2000 sun kusa miliyan 7, kuma ana samunsu a kowace jiha ban da Alaska. Tun daga nan adadin ya ja baya a wurare da dama, musamman kudu maso gabas, abin da ya sa jihohi suke ƙara tsaurara ƙa'ida.

Iri biyar ne a Amurka, uku suna Teksas. Wanda za ka tarar a gandun kiwo shi ne Rio Grande, mai dogayen ƙafafu da bakin wutsiya ruwan ƙasa mai haske, yana zaune a Edwards Plateau da filayen arewa da kurmin kudu. Na gabas yana can dazuzzukan da ke iyaka da Louisiana, kaɗan ne kuma ana lallaɓa shi. Na uku, Merriam's, 'yan ƙalilan ne a duwatsun yamma.

Nan doka ta cika. Sai da lasisi, wanda ya daɗe a kan dala 25 ga mazaunin jihar da 315 ga baƙo, da ƙarin hatimin tsuntsayen tudu na dala 7. Wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau sai ya yi kwas na koyon ƙa'idar farauta. Guda huɗu ne iyaka a shekara, na gabas bai wuce ɗaya a ciki ba, wasu gundumomin ma toro, wato namiji, ɗaya tak suka yarda da shi a watan Afrilu. Kana kayar da shi za ka ɗaura masa alamar da ke jikin lasisinka, ka kuma kai rahoto ga hukuma cikin awa 24. Daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta ake harbi. Harbinsa a kan bishiyar da yake kwana haramun ne a kowane lokaci. Barin namansa ya lalace ma laifi ne, abin da ba a ce a kan alade ba. Babban lokacinsa daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu ne a kudu, a arewa kuma ya ɗan makara ya kai tsakiyar Mayu, sannan akwai na kaka da ke tafiya tare da na barewa. Ranakun suna motsawa kowace shekara, sai a duba littafin Outdoor Annual na hukumar Texas Parks and Wildlife a kan gundumar da za a je. Wani zai ga wannan duka takura ce. Ni ina ganin ita ce ta sa har yau akwai tsuntsun da za a nema.

Farautar kanta ita ce dalilin da ya sa nake tura mutane wajenta. Talo-talo ba ya jin wari sosai, amma idonsa yana ganin launi, yana ɗaukar mafi yawan abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya kai ba, ɗan motsin yatsa ya ishe shi. A guje yana kai kilomita 40 a awa, a sama kuma ya ninka haka na ɗan zango. Ba a bin sa, zama ake yi a kira shi. Da yamma ana zuwa a saurari inda suka hau, galibi manyan bishiyoyin bakin rafi. Da asuba, tun da duhu, mutum ya yi sallarsa ya lallaɓa ya zauna mita ɗari da wani abu daga wurin, ya jingina da kututturen da ya fi kafaɗunsa faɗi. Gari na fara wayewa toro zai saki kukansa daga sama, kukan da ake ji daga nisan fiye da kilomita ɗaya in iska ta kwanta. Sai ka amsa masa da muryar mace, ko da ɗan akwatin katako da ake gogawa, ko da faifan dutse da tsinke, ko da wata 'yar fata da ake sawa a ganɗa.

Wahalar ita ce kana neman ya saɓa wa ɗabi'arsa. A daji toro ne ke tsayawa ya baza wutsiya, mace ta zo ta same shi. Kai kuma kana so shi ya taso. Shi ya sa sau da yawa zai matso zuwa mita sittin ko saba'in ya toge, yana kuka yana juyi, yana jiran ta fito. Bindigar tsuntsu mai watsa ƙananan dalma ba ta da tabbas bayan mita 35 zuwa 40, kuma kai da wuya ake nufa, domin gashin jikinsa yana tare dalma. Wanda ya yi gaggawa ya harba daga nesa raunata shi kawai zai yi ya tafi ya mutu a kurmi. Sabon shiga kullum yawan kira ke kayar da shi. In toro ya amsa, ya riga ya san inda kake, shiru ya fi jan sa. In kuma ya sauko ya bi matansa ya tafi, kada ka tashi: wajen hantsi matan suna zamewa su tafi sheƙa, ya rage shi kaɗai, a lokacin ne yakan dawo neman muryar da ya ji da safe. Wanda ya taɓa ganin maharbin ƙasar Hausa ya ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe cikin ciyawa zai gane irin wannan ilimin, na sanin halin dabba har ka shiga tunaninta.

Sai dai kada a kwaikwayi rarrafen a can. Akwai masu ɓuya a bayan bazazzen wutsiyar toro su matsa kusa, wasu jihohi sun hana saboda wani maharbin na iya ɗaukar ka tsuntsu. Saboda wannan dalilin ba a sa ja ko fari ko shuɗi, launukan kan toro ke nan, har hular da ke leƙowa da farin safa a kula. In ka hangi wani maharbi kada ka ɗaga hannu, yi masa magana da murya. Watan Afrilu kuma macizai masu ƙararrawa a wutsiya sun fito, kaska ma ta yi yawa, sai a duba wurin zama kafin a zauna, a duba jiki bayan an dawo.

Ta fuskar ci babu wata gardama a kan talo-talo. Ana ambaton sunan Allah lokacin sakin harbi. In ka iske shi da sauran rai, ka yanka shi nan take, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a aljihu ba a mota ba. In dalma ta huda shi ya mutu kafin ka iso, malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas a Maroko, sun halatta abin da harsashi ya kashe, kuma a kan haka mafi yawan malaman zamani suke. Babban toron Rio Grande yana kai kilo 8 zuwa 9. Namansa ba shi da kitse kamar na kanti, ya fi kusa da na zabo. Ƙirjin yana son gashi na ɗan lokaci don kada ya bushe, cinyoyin kuma suna da jijiya, Amurkawa da yawa ba sa damuwa da su, alhali su ne suka fi daɗin farfesu in an bar su a wuta, ko a daka su a yi dambu. A cire kayan ciki da wuri a sa ƙanƙara, zafin Teksas ba ya jira.

Gaskiya ne talo-talo yana da nasa naƙasun. Makonni kaɗan ne a shekara. Kana iya kwana uku ka dawo hannu rabbana, abin da ba ya yawan faruwa a wurin masarar alade. Gandun da ke da tsuntsu da yawa yana da tsada, farautar kwana biyu ko uku da jagora tana iya haura dala dubu. Yawansu kuma yana bin ruwan sama: mace tana yin ƙwai 10 zuwa 12 a ƙasa, ta kwanta kwana 28, in shekara ta yi fari kamar 2011 babu ciyawar ɓuya babu ƙwarin da 'yan tsaki za su ci, sai a ga giɓin bayan shekara biyu. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sayen izinin filayen gwamnati na dala 48, amma wuraren talo-talo a ciki kaɗan ne, wasu sai an yi ƙuri'a. Kayan aiki kuwa sun fi na alade araha nesa ba kusa ba: bindigar tsuntsu ko ta aro ce, tufafi masu launin daji, abin rufe fuska, akwatin kira ɗaya.

Wanda surukinsa ko maƙwabcinsa ko abokin aikinsa ke da gona aladu suna cinye masa, ya kira shi ya taimaka, wannan ya je, kuma ya fi amfani in ya taya shi kafa tarko da zuba masara da duba kyamara fiye da zaman rumfa. Ta wannan hanyar ma ake samun ƙofar talo-talo, domin aladu suna fasa sheƙa su shanye ƙwai, mai gandun da aka taimaka wa a watan Janairu da Fabrairu, kafin mata su fara kwanci, shi ne yakan ce a dawo a Afrilu. Wanda kuma kuɗi zai cire daga aljihunsa don farauta ɗaya a shekara, ya kai su wajen talo-talo. Kafin ya biya ya tambayi mai gandu eka nawa ne, mutum nawa za a saka a filin a mako ɗaya, akwai rafi da manyan bishiyoyin kwana a cikin filin ko a na maƙwabci suke, toro nawa aka ɗauka bara, kuma ana harbin alade da dare kusa da makwancin a lokacin, domin hakan yana korar tsuntsayen. Lasisin sabuwar shekara yana fitowa a tsakiyar Agusta ya fara aiki 1 ga Satumba, kwas ɗin ana iya yin sa ta intanet ga wanda ya kai shekara 17, gandaye masu kyau kuma kafin ƙarshen Janairu sun cika.